Wankin dogayen benaye da igiya a Abuja: sana'a ce ko ganganci?

Baban_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. Ƙanena ya gama difloma, ya daɗe a gida ba aikin yi, sai ga wani abokinsa ya haɗa shi da wani kamfani da ke wanke gilasan dogayen benaye a nan Abuja. Ba daga ciki ba fa, daga waje, mutum na lilo a jikin igiya tun daga saman rufi, irin waɗanda muke hangowa a jikin gine-ginen Central Area da Wuse 2. Yaron ya ɗauki abin da zafi. Hajiyarmu kuwa ta ce ba da yawunta ba, ta ɗora mini nauyin hana shi. Ni a ganina sayar da rai ne a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, amma ba na son yanke hukunci da ka. Don Allah wanda ya san aikin ya faɗa mana gaskiya.

Sarkin_Yaƙin_Nyanya:
Wa alaikumus salam. Hana shi kawai, Alhaji. Ni ko tsani na taka don canza ƙwan lantarki sai gwiwoyina sun yi rawa, balle hawa ashirin.

Ummu_Sultan:
Tunda mahaifiya ta ce a'a, ai an gama magana. Wace albarka za a samu a aikin da uwa ke kwana da fargabarsa?

Mai_Igiya_Biyu:
Baban Ilham, wannan sana'ata ce, da ita nake ci da iyalina, don haka bari in ɗan tsawaita. Abin da kuke hangowa daga ƙasa kamar igiya ɗaya ne, amma wanda ya san aiki ba ya sauka sai da biyu. Ɗaya ita ce igiyar aiki, ita ke ɗauke da nauyinka, kana sauka a kanta da wani ƙarfe mai hannu wanda da ka sake shi yake kulle kansa. Ta biyu ta ko-ta-kwana ce, akwai wata 'yar na'ura da ke bin ka a jikinta, ba ta riƙe ka, amma da ka zame da gudu sai ta cije igiyar. Kowace igiya da maɗaurinta daban a saman rufi, yadda in ɗaya ta ci amana ɗayar na nan.

Igiyoyin ma ba irin na kasuwa ba ne da ake ɗaure kaya a bayan mota. Kaurinsu milimita 10.5 zuwa 11, suna da zare mai ƙarfi a ciki da riga a waje, kuma sabuwa ba ta tsinkewa sai nauyi ya haura tan biyu. Shi kuwa maɗauri, ƙa'idar IRATA, wato ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta masu aikin igiya, ita ce ya iya ɗaukar kusan tan ɗaya da rabi. To mutum kilo nawa ne?

IRATA ɗin nan a Birtaniya aka kafa ta a ƙarshen shekarun 1980, saboda masu gyaran rijiyoyin mai na cikin teku. Shaidarta mataki uku ce. Matakin farko ana yin horo na aƙalla kwana 4, rana ta biyar wani mai jarrabawa daga waje ya zo ya gwada ka. Ba ka zuwa mataki na biyu sai ka shekara kana aiki kuma ka tara awa 1,000 a kan igiya, a rubuce a littafinka da sa hannun shugaban aiki. Haka ma daga na biyu zuwa na uku. Bayan shekara 3 shaidar ta mutu, sai an sabunta. Kuma duk wurin aiki dole a samu mai mataki na uku yana sa ido.

Saboda haka kafin a yi maganar hanawa ko bari, ka fara binciko wane irin kamfani ne. Akwai masu yin abin da na faɗa. Akwai kuma masu ɗauko yara daga bakin titi su rataya musu bel ɗin gwanjo.

Sarkin_Yaƙin_Nyanya:
Malam Mai Igiya, duk wannan lissafin tan-tan ɗin a takarda yake. A Najeriya muke fa.

Mai_Igiya_Biyu:
Ai shi ya sa na ce a binciki kamfanin, ranka ya daɗe. Ban ce kowa na bin ƙa'ida ba.

Injiniya_Gwarinpa:
Mai Igiya ya yi bayanin ɓangarensa, bari in kawo namu na gini, don nan ne abin ke ba ni tsoro. Igiya ba ta cika tsinkewa haka kawai ba. Abin da ake ɗaure ta a jiki shi ne matsala. Da yawa daga benayen garin nan an zana su, an lulluɓe su da gilashi daga sama har ƙasa, amma babu wanda ya zauna ya yi tunanin yadda za a wanke su bayan an tare. Ka hau rufi ba ka ga maɗauri ko ɗaya da aka dasa domin wannan aiki ba. Sai ka ga an zagaya igiya a ƙafar tankin ruwa, ko ƙarfen da ke riƙe da injin sanyaya ɗaki, ko bututun famfo. Ƙarfen da aka yi wa walda don ya riƙe tanki a tsaye, ba a lissafa shi don fizgar mutumin da ya zame ba.

Na biyu, bakin katangar rufi. Igiyar da ke ɗauke da nauyi in tana goga da kaifin kankare ko gefen falle, yankewa take da sauri fiye da yadda mutum ke zato. Dole a sa mata kariya a wurin, ko a karkatar da ita ta kauce wa kaifin gaba ɗaya.

A ƙasashen da suka daɗe da dogayen gine-gine, ana dasa wani inji a saman rufi mai saukar da keji da mutane a ciki, yana tafiya a kan dogo ya zagaye ginin. Tun a zane ake sa shi. A nan ma akwai gine-ginen da ke da shi, amma inji ne, yana son wuta da gyara da kayan canji daga waje. Da ya lalace sai a koma wa masu igiya.

Ɗan_Tudun_Wada_Jos:
Mu a Jos ba baƙon abu ba ne sauka da igiya. Duk wanda ya je makarantar horo ta Man O' War a tsaunin Shere ya san ana saukowa daga kan dutse da igiya, har 'yan mata na yi. A turo yaron nan ya yi sati biyu, tsoro ya fita.

Mai_Igiya_Biyu:
Ɗan Jos, fitar da tsoro daban, aiki daban. A Shere sauka za ka yi ka taɓa ƙasa a tafa maka. A jikin bene wuni za ka yi a rataye, bokiti a gefe, hannu biyu na aiki, ka matsa dama ka matsa hagu, wani lokaci ka sauya daga wannan igiya zuwa waccan a sararin sama. Kuma ni yaron da ba ya tsoro sam ba na son aiki da shi. Shi ne zai manta bai murɗa makullin ƙugiya ba.

Manajar_Gini_Maitama:
Ni ina ɓangaren masu ba da aikin ne, ina kula da wani ginin ofisoshi. Bari in faɗa muku dalilin da ya sa aikin nan ba zai ƙare ba a Abuja. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu na kwanciya a jikin gilashi da fallen alminiyon. Ruwan farko in ya sauka wajen Maris ko Afrilu ba wankewa yake ba, kwaɓawa yake, sai ka ga gini ya yi zane-zanen ja daga sama har ƙasa. Ga kashin tattabaru a bakin tagogi. 'Yan haya kuwa masu biyan kuɗi da tsada, wasu ma ofisoshin ƙasashen waje ne, ba za su lamunta ba.

Kafa sikafol, wato ƙarafan da ake harhaɗawa a jikin gini don a hau, a gini mai hawa goma ba ƙaramin abu ba ne. Kwanaki ana haɗawa, a toshe wurin ajiye motoci, a toshe ƙofar shiga, masu tsaro kuma su ce an yi wa ɓarayi tsani. Motar da ke ɗaga mutum a keji tana da iyakar inda take kaiwa, kuma sai da fili a ƙasa. Masu igiya da safe za su zo da jakunkunansu, da yamma su naɗe su tafi, kamar ba a yi ba.

Amma abin da ban so shi ne wannan: in muka nemi farashi, wanda ya zo da takardun horo da inshora kuɗinsa ya fi, wanda ya zo da baki kawai ya karya farashi. In na kai wa mai gini, kun san wanda yake nunawa da biro. Na sha yin rigima a kan haka. Masu gini ba za su wanke hannunsu daga laifin nan ba.

Abban_Kubwa:
Hajiya Manaja ta taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Wai me ya sa ma muke gina akwatunan gilashi a garin da rana ke dukan mutum haka? Sai a ƙona dizal ana sanyaya ciki, a kuma biya a wanke waje. Dubi Sakatariyar Tarayya da gine-ginen farko-farko na Garki, kankare ne da tagogi masu inuwa. Yanzu kowa so yake gininsa ya yi kama da Dubai.

Zee_Lokogoma:
Tunda an ambaci Dubai, Burj Khalifa tsawonsa mita 828 ne, an buɗe shi a 2010, kuma ma'aikata 36 kan ɗauki wata uku zuwa huɗu kafin su wanke shi sau ɗaya. Suna da injina, amma can ƙololuwa da igiya ake yi. To in su suna yi lafiya, namu na Abuja me ye? Ginin World Trade Centre ma da muke taƙama da shi hawa ashirin da 'yan kai ne.

Injiniya_Gwarinpa:
'Yar'uwa, wanda ya faɗo daga hawa shida da wanda ya faɗo daga hawa ɗari makomarsu ɗaya. Ni ma gajerun benen sun fi ba ni tsoro, don su ake rainawa. A dogo kowa na nutsuwa.

Ustaz_Abu_Hanifa:
Na ga wasu za su ce ai ajali in ya zo ko a kan katifa ne. Gaskiya ne, amma ba hujja ba ce ta sakaci. A hadisin da Tirmizi ya ruwaito, mutumin da ya tambaya ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, Annabi (SAW) cewa ya yi ya ɗaure ta sannan ya dogara. Aikin halal ne, tsafta ce ake yi a biya. In an cika sharuɗɗan kariya ban ga abin hanawa ba, in ba a cika ba kuwa ya shiga jefa kai ga halaka da aya ta 195 ta Suratul Baƙara ta hana. Sai dai maganar Ummu Sultan tana da nauyi. A zaunar da Hajiya a yi mata bayani, kada a yi mata ƙarfa-ƙarfa. Wani abu kuma, mai wannan aiki yana wucewa ta tagogin mutane, musamman otal da gidajen kwana. Ya kiyaye idonsa.

Manajar_Gini_Maitama:
Allah ya saka, Malam. Mu muna raba takarda ga 'yan haya kafin ranar, kowa ya sauke labule.

Nas_Rabi:
Akwai abin da ba a faɗa ba. A ce igiyar ko-ta-kwana ta yi aikinta, mutum bai faɗo ba, amma ya suma saboda rana ko ya bugu da kai, yana rataye ba motsi. Wannan kansa haɗari ne. Jini na taruwa a ƙafafu, bai komawa zuciya yadda ya kamata, kuma abin na iya kaiwa ga rasa rai in ba a sauke shi da wuri ba. Maganar mintuna ake, ba awanni ba. Wa zai sauko da shi? In amsar ita ce za a kira 'yan kwana-kwana, to a tuna da cunkoson garin nan, kuma tsaninsu ba kowane hawa yake kaiwa ba.

Mai_Igiya_Biyu:
Anti Nas, kin buga inda ya dace. Shi ya sa tun a matakin farko ake koya wa mutum yadda zai sauka wurin abokinsa, ya ɗauke shi a jikinsa ya kai shi ƙasa. Kafin kowa ya taka bakin rufi sai an tsara wa zai ceci wa, da wace igiya. Ba a aikin nan mutum ɗaya. Game da rana kuma, mukan bi inuwa ne: da safe ɓangaren yamma, da la'asar ɓangaren gabas. Gilashin da rana ta gasa ma ba ya wankuwa, ruwan bushewa yake kafin ka ja roba, ya bar tabo. Da azumi muna farawa da sassafe mu sauka kafin rana ta take. In hadari ya haɗo ko iska ta taso, ba gardama, kowa ƙasa. Guguwar farkon damina a Abuja ba ta sallama.

Abban_Kubwa:
To ku da kuka san sirrin, me ya sa gilashin gidana ke yin fari-fari bayan an wanke?

Mai_Igiya_Biyu:
Ruwan burtsatse ne, Alhaji. Yana ɗauke da gishirin ƙasa, wani wurin har da ƙarfe, in ya bushe sai ya bar su a jiki. Ruwan famfo na madatsar Usuma ya fi dama. Manyan kamfanoni tace ruwan suke har ya zama ba komai a cikinsa, shi ko ba a goge ba yana bushewa tas. Kada dai ka bari a sa maka asid ɗin wanke tayil. Yana cin alminiyon, wani nau'in yana dusashe gilashin har abada. Mu kuma yana cin igiya, tun da nailan ce. Ko ajiya ba ma yi kusa da batiran inbata. Igiyar da asid ya taɓa za ka gan ta lafiya a ido alhali ta mutu.

Baban_Ilham:
Na gode ƙwarai, jama'a. Na zaunar da yaron da tambayoyinku. Ya ce igiya biyu suke amfani da ita, ya gani da idonsa, akwai hular kwano da bel na jiki duka. Amma horo a bakin aiki za a ba shi, ba shaida, kuma biya na kullum ne, ranar da aka yi aiki kawai. Da na tambaye shi wa ke sauko da wanda ya suma, sai ya yi shiru. Takardar ɗaukar aiki ma ba a yi maganarta ba.

Lauya_Mai_Tawada:
Nan ne nawa ya shigo. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, wato asusun inshorar ma'aikata na gwamnati. Daga aljihunsa, ba a cire wa ma'aikaci. Dokar ta haɗa da na wucin gadi da masu koyon aiki da 'yan aikin kullum, saboda haka cewa ai ɗan kullum ne ba mafita ba ce. Ku nemi ganin shaidar rajistarsu, ku kuma nemi takardar ɗaukar aiki ko da shafi ɗaya ce. In abu ya faru, Allah ya kiyaye, ba takarda, abin da iyali ke gani shi ne buhun shinkafa da 'yan kuɗi a ambulan ranar sadakar uku.

Sarkin_Yaƙin_Nyanya:
Kun gani ko? Maganata ta fito. Ya nemi Keke Napep ya ja.

Zee_Lokogoma:
Keke a hanyar Nyanya zuwa Mararaba? Yaya, tsakani da Allah, wanne ya fi kai mutane asibiti?

Tsohon_Ɗan_Eriya:
Ni na yi shekaru ina hawan turakun sadarwa kafin gwiwa ta ce ta gaji. Gaskiyar da masu takarda ba sa son faɗa ita ce yawancinmu a bakin aiki muka koya. Kuɗin horon IRATA ba na talaka ba ne, sai ka je Legas ko Fatakwal, ga mota ga masauki. In aka ce sai mai shaida zai fara, to ɗan wa zai fara? Shawarata ya shiga a matsayin ɗan ƙasa: shi ke killace wurin da ruwa da kaya za su iya faɗowa, ya hana mutane bi, ya haɗa ruwa, ya naɗe igiya, ya koyi duba ta taƙi-taƙi da hannu. Yana yi yana kallon halin shugaban aikin. In mutumin kirki ne zai gani, in mai gaggawa ne zai gani. Ya tara kuɗi, ku ma ku tallafa, ya je ya yi matakin farko. Mai wannan shaidar ba wankin gilashi kaɗai zai yi ba, akwai fenti, akwai liƙe gilashi, akwai kamfanonin mai.

Mai_Igiya_Biyu:
Baba, na yarda da rabin maganarka. Ɗan ƙasa, to. Amma kai ma ka san yadda ake yi. Ranar da wani bai zo ba, aiki na jira, manaja na waya, sai a ce kai yaro zo ka gwada, ai ka ga yadda ake yi. Yaron da ke neman a riƙe shi ba zai ce a'a ba. Kamfanin da ya kasa amsa tambayar Anti Nas, ni ban yarda ya tsaya ko a ƙasan gininsu da niyyar hawa ba.

Tsohon_Ɗan_Eriya:
Yaron ne ya kasa amsawa, ba kamfanin ba. Bai fara aiki ba, ina zai sani?

Ummu_Sultan:
Duk kun manta da Hajiya. Ko takarda goma aka kawo, ita hawa ashirin ɗin take gani.

Manajar_Gini_Maitama:
Baban Ilham, ka je da kanka ranar da suke aiki, ka nemi a hau da kai rufin. Minti goma sun isa. Ka ga inda aka ɗaure igiyoyin, ka ga ko an rufe bakin katanga, ka ce shugaban aikin ya nuna maka katinsa da littafin duba kaya, don ana yi wa kayan cikakken bincike duk wata shida. In sun hana ka hawa saboda tsaro, ba laifi, amma kati da littafi ba sa buƙatar hawa.

Injiniya_Gwarinpa:
Hajiya Manaja, mutumin da bai san gini ba zai ga igiya a jikin ƙafar tanki ya ce ai ƙarfe ne mai kauri. Baban Ilham, in za ka je ka yi mini magana ta akwatin sirri, in ina gari sai mu tafi tare.

Baban_Ilham:
Na gode, Injiniya, zan neme ka. Yaron ya ce ranar Asabar suna da aiki a Jabi. Hajiya dai har yanzu ba ta sauko ba, ta ce ko ni ma ban da hawa rufin.

Sarkin_Yaƙin_Nyanya:
Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Ni ina bayanta.